Mutuwar da Ake Janyewa

A Gidan Igwai, kamar sauran unguwannin Sakkwato, shirye-shiryen jaruman Amurka sun fi shiga hannun samari ta wurin masu tura finafinai a waya, zango guda a lokaci guda. Wanda ya kalli The Flash ta wannan hanya yana ganin abin da mai jiran mako-mako kan manta: sau nawa aka kashe mutum, sau nawa kuma aka fasa.

Manya kan yi wa muhawarar samarin dariya, su ce ai fim ne. Wannan raini bai dace ba. Al'ummar da ta girma da tatsuniyar Gizo ba ta taɓa neman labari ya bi dokar kimiyya ba. Abin da ba ta yafewa shi ne mai ba da labari ya sa mutum kuka, sannan ya dawo ya ce wasa yake yi.

Abin da ya faru a 2016 ke nan. A ƙarshen zango na biyu Barry Allen ya koma baya cikin zamani ya hana a kashe mahaifiyarsa, wadda mutuwarta ce tushen labarin tun 2014. Sabuwar duniyar da ya haifar, Flashpoint, kashi ɗaya tak ta yi aka rushe ta. Masu kallo da yawa sun fusata, kuma suna da gaskiya. Marubutan sun bar tabo don a ce taɓa zamani yana da farashi: ɗan'uwan Cisco ya mutu, 'yar John Diggle ta shirin Arrow, Sara, ta koma ɗa namiji. Uba ya rasa 'yarsa bai ma san ya taɓa haihuwarta ba. A nan ne kaɗai shirin ya kusa faɗin wani abu mai nauyi game da son kai na jarumi.

Sai ga Crisis on Infinite Earths, kashi 5 daga Disamba 2019 zuwa Janairu 2020, inda aka sake gina duniya aka mayar wa Diggle da 'yarsa. Bashin ma an yafe.

A nan ne masu kallon suka ba da kunya. Waɗanda suka yi ta ƙorafi a 2016 su ne suka cika waya da murna, domin an kawo musu baƙi: Tom Welling na Smallville ya fito na 'yan mintuna, Brandon Routh ya sake sa rigar Superman, Ezra Miller ya tsaya gaban Grant Gustin, Flash biyu suna kallon juna. Ba wanda zai musa daɗin ganin tsohuwar fuska. Amma fitowar Welling ba ta sauya komai a labarin ba. Goro ne aka miƙa wa mai kallo don ya yi shiru, ya kuwa karɓa da hannu biyu. Kamfani yana lura da abin da ake yi wa tafi. Idan baƙon minti kaɗan ya fi mutuwar Oliver Queen jawo magana, me zai sa ya wahalar da kansa kan rubutu?

Darasin ya shafi gida. Lokacin da Nafisat Abdullahi ta bar Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, masu kallo sun yi ta cece-kuce, domin sun zuba shekaru a kan fuska ɗaya. Marubutan Kannywood ba su da injin komawa baya, amma suna da 'yan'uwansa: mafarkin da ke soke abin da aka gani, mamacin da ashe bai mutu ba, fitaccen jarumin da ake jefowa idan labari ya yi sanyi. Samarin Gidan Igwai da suka gane dabarar a shirin Amurka za su gane ta da Hausa, kuma su ne masu sayen datar da ake ƙirgawa a YouTube.