Firinta ɗaya ta ishi gida, in an san ƙofar da za a buɗe

A yau gidaje da shaguna da yawa suna da kwamfuta biyu ko uku, amma firinta ɗaya tak. Maigida na son buga takardun kaya, ƴaƴa na son buga aikin makaranta, kowa na yawo da waya a hannu yana jiran layi. Alhali kuwa in duk na'urorin suna kan wifi ɗaya, firinta guda tana iya yi wa kowa aiki. Abin da ya fi hana hakan shi ne katangar tsaro ta kwamfuta, wadda Faransawa ke kira « pare-feu ».

Ita wannan katanga tamkar ganuwar birni take. Kwamfuta na da ƙofofi masu lamba har 65.535, katangar kuma tana rufe su ga duk baƙon da ba a yi masa izini ba. Tun shekarar 2004 Windows ke zuwa da ita a kunne. Saboda haka in kwamfutar ɗaki ta nemi firintar da ke jone da ta falo, sai a tare ta a bakin ƙofa.

Nan ne wasu masu gyara ke ba da gurguwar shawara, su ce a kashe katangar ɗungurungum. Takarda za ta fito, ba shakka, amma an bar gida a buɗe. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200.000 a ƙasashe wajen 150, ta kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa, har aikin asibitocin Ingila ya tsaya. Ta ƙofa mai lamba 445 ta shiga, wato ƙofar da ake raba firinta da fayiloli ta cikinta. Ɗan kasuwan da littafin bashinsa ke cikin kwamfuta, ya auna abin da zai rasa.

Ga yadda ya kamata a yi. A kwamfutar da firinta ke jone da ita, a duba wane suna Windows ya ba rezon gidan. In ya rubuta « Public », to ya ɗauke shi kamar wifi na otel ko na tasha, zai ɓoye kwamfutar. A mai da shi « Privé ». Sannan a shiga katangar tsaron, a nemi « Partage de fichiers et d'imprimantes », a sa masa alama a gefen « Privé » kaɗai. Da haka ƙofofi 137, 138, 139 da 445 za su buɗe wa na'urorin gidan, su ci gaba da zama a rufe in an tafi da kwamfutar waje. Sai a shiga bayanan firintar a yarda a raba ta, kuma a bar wannan kwamfuta a kunne, don in ta mutu ba mai buga komi.

In an yi duk wannan abin ya ƙi, a tuna da riga-kafin cuta irin su Kaspersky ko ESET: wasunsu na da tasu katangar, ita ma sai an gaya mata rezon na gida ne.

Firinta mai wifi nata na kanta ta fi sauƙi, ƙofa 631 ko 9100 take amfani da ita, ba ta bukatar wata kwamfuta a tsakani. Matsalarta ɗaya ce, mu kuma nan mun san ta: in wuta ta ɗauke ta dawo, akwatin intanet kan ba firintar sabon adireshi, kwamfutoci su yi ta nemanta a tsohon. A kan ɗora wa katanga laifi a banza. A shiga akwatin a kafe mata adireshi ɗaya, misali 192.168.1.50, a rubuta shi a ƴar takarda a manna a jikinta.