Sabunta Manhaja: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafin yau da kullum, batun sabunta kwamfuta ya zama wajibi ga 'yan kasuwar garin Bauchi, daga masu shaguna a Wunti da Muda Lawal har zuwa masu buga takardu a kewayen Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: mece ce makomar saitin da mai shago ya daɗe da tsarawa?

A cikin fayil ɗin saiti ne manhajar lissafi ke adana adadin haraji, da nau'in kuɗi, da tsarin rubuta kwanan wata. Alal misali, a watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100, kuma masu shaguna suka gyara nasu. Idan sabuwar manhaja ta shafe wannan gyara a ɓoye, rasit zai riƙa fita da kuskure. Haka kuma, idan kwanan wata ya koma tsarin Amurka, bashin da za a biya ran 3 ga Afrilu sai a karanta shi 4 ga Maris.

Barin tsohon fayil yadda yake shi ma yana da illa, domin sabbin matakan tsaro na iya ƙin aiki da shi. Masu haɗa Linux sun daɗe da samo mafita. A tsarin Debian, idan an taɓa fayil kuma sabon ya bambanta, na'ura takan tsaya ta nuna bambancin, ta tambaya. A tsarin Red Hat kuwa, akan ajiye sabon a gefen tsohon, ko a adana kwafin tsohon kafin a musanya shi.

Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya gindaya wa mai sayar masa da manhaja sharuɗɗa uku a rubuce: a kwafi saitin kafin a fara aiki, kada a canja komai sai da izininsa, sannan a buga rasit na gwaji kafin a biya ladan aiki. Saiti dukiyar mai shago ce, kuma shi ne zai amsa tambayar jami'in haraji in lissafi ya rikice.