Shaida Ce Ko Annamimanci?

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana damun mutanen ƙauyukan da ke kewaye da dajin Yankari, a ƙasar Bauchi, har da mazauna bakin ruwa a Argungu da Haɗeja da Nguru. Mutum ne ya ga maƙwabcinsa ya shiga hurumin daji da bindiga cikin dare ya komo da nama ko haure, ko kuwa ya ga masunci ya tuttula guba a ruwa. In ya kai magana gaban hukuma, gari ya ce masa annamimi. In ya kame bakinsa, yana tsoron ya zama mai ɓoye shaida.

Farauta a asalinta halal ce, babu saɓani. Amma malamai sun tabbatar shugaba yana da ikon keɓe wuri domin maslahar jama'a, abin da littattafan fiƙihu ke kira hima. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umaru kuma ya keɓe Rabaza. A kan irin wannan hanya aka keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963. A 1989 ƙasashen duniya suka yi ittifaƙi a kan hana cinikin hauren giwa a tsakaninsu. Garken giwar Yankari yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya. Saboda haka wanda ya harbe ta ya ci dukiyar jama'a ne, kuma faɗakar da mai iko domin a tsai da ɓarna nasiha ce. Annamimanci shi ne ɗaukar zance daga wannan zuwa wancan domin a haɗa su husuma.

To, amma faɗi ya fi aiki sauƙi. Mai kai rahoto da wanda ya kai ƙara rijiya ɗaya suke sha, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, wataƙila ma akwai auratayya a tsakaninsu. Ɓarawon dawa kuwa da makami yake yawo, ma'aikatan daji ma masu albashi da bindiga an kashe waɗansunsu a bakin aiki, balle talaka mai fartanya. Sau da yawa a kama mutum, ya biya tara, ya komo gida yana bincike wa ya tona shi. Akwai kuma manomin da giwa ta tattake masa dawa a dare ɗaya. Shi wannan, a ransa maharbi ba maƙiyinsa ba ne, wanda ya zarge shi da shiru sai ya fara duba rumbunsa.

Malaman Malikiyya ba su bar wannan wuri a duhu ba. Sun gindaya sharuɗɗa ga hani da mummuna: mutum ya san abin haramun ne, kada haninsa ya jawo ɓarnar da ta fi wadda ake ciki, kuma ya yi zaton maganarsa za ta yi amfani. Wanda ya ji tsoron halaka a kan ransa ko iyalinsa ba a ɗora masa ya fito fili ba. Sai dai tsoro na gaskiya daban ne, ƙyashin ɓata ciniki daban. Falken da aka kawo wa haure ko ɓawon ɗankunya ya saya, ba ya cikin masu uzuri, domin kuɗinsa ne ya ɗura wa bindigar albarushi.

Sha'anin ruwa ya fi tsanani. Maganin ƙwari irin Gamalin da ake zubawa yana kashe kifi babba da ƙarami, sa'an nan a banda shi a kai kasuwa, yara su ci, dabbobi su sha ruwan. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana guba da nakiya. Nan ran ɗan Adam ne a ciki, uzurin mai shiru ya ƙuntata ƙwarai.

Shi ma mai rahoton akwai nauyi a kansa. Ya faɗi abin da idonsa ya gani, da wuri da lokaci, ban da an ce. Suratul Hujurati ta umarci a yi bincike kafin a yi aiki da labari, domin kada a cuci wanda bai ji ba bai gani ba. Rikicin iyakar gona, ko tsohuwar gaba tsakanin manomi da makiyayi, kan sa mutum ya laƙa wa wani laifin da bai yi ba, wannan kuwa shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai. Kada kuma ya tara samari su kama mutum su doke shi. Nasa ya ƙare a gaban mai unguwa, ko Sarkin Ruwa, ko shugaban ma'aikatan daji.

Bayan da Gwamnatin Bauchi ta haɗa hannu da ƙungiyar WCS a 2014, an zaɓi waɗansu mutanen ƙauyuka aka ba su waya domin su riƙa sanar da motsin giwa da na ɓarayi. Dabara ce mai kyau, gama su an san aikinsu ke nan. Saura talakan da ya zo a ɓoye. Matuƙar sunansa zai shiga littafin da kowane masinja ke iya buɗewa, ko ya fita daga bakin wani ma'aikaci a teburin mai shayi, hukuma kada ta yi mamaki in ta shiga ƙauye ta tarar kowa ya ce barci yake yi a daren nan.