Ƙasa ba kanti ba ce

Duk lokacin da zaɓe ya matso sai ku ji ana cewa a ba attajiri mulki, wai shi ya ƙoshi, ba zai taɓa dukiyar talakawa ba. Wannan magana ruɗi ce. Ga labarin Marc Ravalomanana na tsibirin Madagaskar, ku auna da kanku.

An haife shi a 1949 a wani ƙauye kusa da Antananarivo, babban birnin ƙasar. Bisa keke ya fara tallan kindirmo. Daga baya ya samu bashin Bankin Duniya, ya kafa kamfanin madara mai suna Tiko. A 1999 ya zama magajin garin Antananarivo, a 2002 ya zama shugaban ƙasa bayan rikicin zaɓe da Didier Ratsiraka. Ya yi hanyoyi, ya gina makarantu. Wannan ba mu musu.

Amma ya shiga fada bai saki kanti ba. Mai aza haraji shi ne mai shigo da kaya. To, wa zai tuhumi wa? An ba kura ajiyar nama ke nan.

A 2008 labari ya fito cewa za a ba kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu hayar hekta miliyan 1.3 har shekara 99. Ba a shawarci manomin da ke noma gonar kakanninsa ba. Aka kuma sayo wa shugaba jirgin sama na dalar Amurka miliyan 60, alhali talaka yana neman shinkafar yini. Jama'a suka fito titi. Ran 7 ga Fabrairu 2009 masu tsaron fada suka buɗe wuta, mutane wajen 30 suka mutu. A watan Maris ya miƙa mulki ga soja, ya yi gudun hijira zuwa Afirka ta Kudu.

Wasu za su ce ai Andry Rajoelina da ya gaje shi bai fi shi ba. Gaskiya ne, kuma shi ma ɗan kasuwa ne, shi ma soja suka kawar da shi a 2025.

A kanti maganar mai gida ita ce doka, yaron da ya yi gardama a sallame shi. Ɗan ƙasa kuwa ba a sallamarsa, gonarsa kuma ba haja ba ce. Saboda haka in attajiri ya zo neman ƙuri'arku, kada yawan motocinsa ya ɗauke muku hankali. Ku tambaye shi tun kafin ya hau: wa zai riƙe kasuwancinka, kuma wa zai bincike ka?