Wayar hannu ma ɗaki ce, ba a shigarta sai da izini

A shingayen bincike na hanyar Kano zuwa Ɗanbatta da Kazaure, akan ce wa matashi ya buɗe wayarsa a duba, shi kuwa ya miƙa saboda tsoro. Cikin wayar nan akwai saƙonnin matarsa, da hotunan 'yan'uwansa mata, da lissafin bashin da ya ci na takin zamani. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asiran mutane, Suratun Nur kuma ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. A ganina hukuncin ya haɗa da waya.

Dokar ƙasa ma haka ta tanada. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da zantukan tarho. A watan Oktoban 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya haramta wa 'yan sanda binciken wayoyin jama'a barkatai.

Za a ce masu garkuwa da mutane da waya suke neman fansa. Gaskiya ne, kuma saboda irinsu dokar laifukan intanet ta 2015 ta ba jami'i hanyar neman takardar izinin bincike daga alƙali. A bi ta nan.

Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo ta yadda sai mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya karantawa, amma wannan kariya ta ƙare da zarar an buɗe wayar an miƙa. Saboda haka ɗalibi ya sa wa wayarsa lambar sirri mai tsawo, idan an tsayar da shi ya tambayi takardar kotu cikin ladabi.