Giya a Kwalbar Kurkure Baki, Wai Gwagwarmaya

Kowane ƙarshen mako dubban mutane ke yin layi a tashar jiragen ruwa ta Miyami da ke jihar Fulorida a Amurka, suna jiran hawa manyan jiragen shaƙatawa masu zagaya tsibiran Karibiyan. A cikin layin nan akwai waɗanda suka kwana suna aikin hannu. Mutum ya sayo kwalbar ruwan kurkure baki, ya tuttular da shi a makwarara, ya ɗauraye kwalbar, ya ɗura mata bodka, ya ɗiga launin girki shuɗi, sannan ya sa sabuwar ledar marfi ya bi ta da injin busar da gashi har ta kama ƙam kamar yanzu ta fito daga kanti. Wani kwalbar shamfu yake amfani da ita. Wani kuma jakar leda mai laushi da ake sayarwa musamman don wannan aiki, ya cusa ta cikin takalmi a ƙasan akwati. Magidanci ne fa, da furfurarsa, wanda bai ji nauyin biyan kuɗin jirgi da na ɗaki mai baranda ba.

Shan da yake yi tsakaninsa da hantarsa ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne bakin da yake da shi bayan ya gama. In ka tambaye shi, sai ya gyara tsayuwa ya ce ai kamfanin ne ɓarawo, shi ramawa kawai yake yi. Ko ya ce dokar hana shiga jirgi da giya ba dokar ƙasa ba ce, dokar 'yan kasuwa ce. Ko kuma wadda suka fi so: wa na cuta?

Bari mu ba shi gaskiyarsa tukuna, don yana da ita, kuma ba kaɗan ba. Dokar hana shiga da giya dokar kuɗi ce. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da kamfanin Carnival ke samu ba daga tikiti yake fitowa ba, daga abin da fasinja ke kashewa ne bayan ya hau: mashaya, caca, hotuna, intanet, yawon tsibiri. Ana sassauta farashin tikiti ne don a shigo da kai, da zarar jirgi ya bar gaɓa kuma babu wata kasuwa sai tasu. Suna barin kowane baligi ya shiga da kwalba ɗaya ta giyar inabi mai mililita 750, in ya kai ta ɗakin cin abinci kuma ya biya kuɗin buɗe marfi. Suna cewa don kare lafiyar fasinja suka kafa dokar, amma su ɗin ne ke sayar da tsarin sha na biyan kuɗi a dunƙule wanda ke ba mutum damar kofi 15 a yini, kuma in mutum ɗaya ya saya, dole duk baligin da ke ɗakin ya saya. Kofi 15! Wannan ne mai kula da lafiyarka?

Batun bin doka kuwa, kamfanonin nan ba su da bakin yi wa kowa wa'azi. Manyan ofisoshinsu na Miyami, amma Carnival a Fanama ta yi rajista, Royal Caribbean a Laberiya, Norwegian a Bamuda, jiragen kuma na ɗaga tutocin ƙasashe irin su Bahamas. Da wannan dabara suke kauce wa mafi yawan harajin riba na Amurka da dokokin ƙwadagonta. A 1999 an ci Royal Caribbean tarar dala miliyan 18 kan zubar da dattin mai a teku. A 2016 Princess Cruises, reshen Carnival, ta amsa laifi aka ci ta dala miliyan 40, saboda jirginta Caribbean Princess ya yi shekaru yana zubar da gurɓataccen mai ta wani ɓoyayyen bututu ana kuma rubuta ƙarya a littafin jirgi. A 2019 aka sake cin su dala miliyan 20 don sun karya sharuɗɗan da kotu ta gindaya musu.

To na yarda. Amma sai me? Ta yaya bututun Caribbean Princess ya halatta maka kwalbar shamfu?

Dubi yadda asirin bututun nan ya tonu. Wani sabon injiniya ne a jirgin ya ga abin da ake yi a 2013 a kusa da gaɓar Ingila. Da jirgi ya isa Sawthamton ya ajiye aikinsa, ya kai rahoto ga hukumar kula da teku ta Birtaniya. Ya saɓa wa na gaba da shi ido na ganin ido, ya jefa abincinsa cikin haɗari, kuma amfanin bai tsaya a kansa ba. Wanda ke da ja da kamfani haka yake yi. Mai kwalba kuwa duk burinsa kada a gan shi. Ba ya son a soke dokar, so yake ta ci gaba da hawa kan kowa ban da shi. Ya karanta sharuɗɗan tikiti, ko ya ƙi karantawa, ya danna cewa ya amince, alhali tun kafin ya danna ya riga ya yi odar ledar marfi. Babu wanda ya sa masa wuƙa a wuya ya ce sai ya je Bahamas. In farashin mashaya ya yi masa tsada, akwai otal a bakin teku, akwai jiragen da ke haɗa kuɗin sha cikin tikiti, akwai kuma zaman gida.

Sai tambayar tasa, wa ya cuta. Ga su nan. A 2015 Carnival ta hana fasinjoji shiga da kowane abin sha na kwalba, har da ruwa, in ban da kwalbar giyar inabin nan ɗaya, ta ce kwalaben ne babbar hanyar fasa-ƙwaurin giya, kuma binciken su ɗaya bayan ɗaya na jawo tsaiko wajen hawa. Shekara ɗaya bayan nan Norwegian ta hana shiga da abin sha kusan gaba ɗaya. Tsohuwar da ke son ruwan shan maganinta, da uwar da ta saba da lemon da ɗanta ke so, su suka biya. Kamfani kuwa ko a jikinsa, ƙarin ciniki ma ya samu. Wannan ce ramuwar da aka yi wa ɓarawo.

Na biyu ma'aikata, kuma nan ne abin ya fi ɓata mini rai. Yawancin masu hidima a jiragen nan 'yan Filifin ne da Indunusiya da Indiya, masu kwantiragin watanni shida zuwa tara, aiki kwana bakwai a mako, barci a ɗan ƙurmusun ɗaki a can ƙasan jirgi. Kowane kofi da aka sayar ana ɗora masa ladan hidima na kashi 18 ko sama da haka, kuma da shi mai zuba abin sha ke cika albashinsa ya aika gida. Kofin da ka tsiyaya daga kwalbar shamfu bai rage wa shugaban kamfani ko sisi a aljihu ba, wannan bawan Allah ya rage wa. Mai gyaran ɗaki kuma shi ke shigowa da safe ya tarar da amai a kan darduma da ledoji a kwandon shara. In ya kai rahoto, ka ba shi mummunan maki a takardar jin ra'ayi ta ƙarshen tafiya, makin da ke iya shafar aikinsa. In ya yi shiru kuma wani abu ya faru, shi za a tambaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko da kuɗi ne ya haifi dokar, ba shi ke nan ba ta da wani amfani ba. Duk kofin da aka saya a mashaya yana shiga katin fasinja, mai zubawa na ganin idonsa, yana iya cewa ya isa haka. A cikin ɗaki ba mai ƙirgawa. Dokar Amurka ta 2010 ta ce shingen jirgi kada ya gaza inci 42, wato ya ɗan haura mita ɗaya, kuma mai hankalinsa ba ya faɗawa ta kansa. Wanda ya yi tatil da ƙarfe uku na dare a baranda hawa na goma, shi kam yana iyawa. Daga nan sai a juya jirgi mai ɗauke da mutum dubu biyar, a tashi masu gadin teku da jirage masu saukar ungulu su yi ta haska ruwa har gari ya waye.

Na san wani mai karatu na murmushi yana cewa can su ƙarata, mu ba ruwanmu da giya. Kada ka yi saurin wanke hannu, malam. Kowace shekara hukumar alhazai na roƙon maniyyata kada su ɗauki goro zuwa Saudiyya, kada su ɓoye Zamzam a jaka lokacin dawowa, kuma kowace shekara sai an samu mai naɗe galan da zani da salatif, a buɗe jakunkuna a Jidda, kayan jama'a su makale. Shi ma cewa yake wa na cuta.

Shi dai mai kwalbar Miyami, in na'urar haska kaya ta gano shi, akwatinsa ba ya isowa ɗaki. Sai takarda ta iso ana gayyatarsa wani ɗaki a ƙasa, ya bi layi da 'yan'uwansa a yi ta sunkuyar da kai, ya buɗe akwati a gaban mai gadi, a ɗaga kwalbar a girgiza a shinshina a ƙwace. Galibi iyakar hukuncin ke nan, ba tara, ba kotu. Amma sai ya hau sama ransa a ɓace, ya zauna ya rubuta wa kamfani ƙorafi cewa mai gadin bai yi masa magana da ladabi ba.