Sharhi: Hunturu, asma da gwajin numfashin da bai isa ƙananan asibitoci ba

Duk lokacin da hunturu ya kama, ƙura da hazo suka turnuƙe, masu fama da tari da toshewar ƙirji kan ƙaru a asibitoci. Sau da yawa akan sallame su da maganin tari ko na kashe ƙwayoyin cuta, ba tare da an auna yadda iska ke fita daga huhunsu ba.

A jikin mai asma, hanyoyin iska na huhu kan kumbura su tsuke, majina kuma ta taru a ciki. Bisa lissafin masana, idan faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar tura iska ta cikinsa kan ninka har sau 16. Shi ya sa 'yar tsukewa kaɗan ke iya jefa majinyaci cikin mawuyacin hali.

Ana gano wannan ne da na'urar sifirometa. Majinyaci zai cika huhunsa, ya busa da iya ƙarfinsa. Na'urar za ta kwatanta iskar da ya fitar a daƙiƙar farko da jimillar wadda ya fitar. A babban mutum, idan ba ta kai kashi 70 cikin 100 ba, alama ce ta tsukewa. Daga nan sai a ba shi maganin shaƙa, a sake gwajin. Idan numfashin ya buɗe sosai, akan karkata ga asma. Idan tsukewar ta ci gaba, akan yi zargin cutar toshewar huhu mai daɗewa, wadda ke da nasaba da sigari da hayaƙin itacen girki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, ta kuma kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ba a gano cutar da wuri.

A Nijeriya, an fi samun sifirometa a asibitocin koyarwa da manyan asibitoci. Sai dai akwai 'yar na'urar hannu mai auna ƙarfin busa, mai araha, wadda ba ta buƙatar lantarki. Ba ta maye gurbin sifirometa, amma tana nuna wanda ya kamata a tura gaba. Wadata cibiyoyin lafiya na matakin farko da ita, da horar da ma'aikata, aiki ne da ya kamata gwamnatocin jihohi su kammala kafin hunturu mai zuwa.